Mu Koyi Yaren Kasuwar Hannun Jari

Kowace kasuwa da yarenta. Manomin Kazage ya san mudu da tiya, ya san dillali da la'ada. Amma idan rediyo ya ce hannun jari ya faɗi, sai ya yi shiru. Wanda bai san yaren kasuwa ba, shi ake cuta. Ga kalmomi shida da ya kamata a sani.

Hannun jari: A ce mutum 10 sun haɗa kuɗi daidai wa daida, sun sayi injin niƙa. Kowannensu yana da hannu ɗaya cikin 10. Haka manyan kamfanoni suke kasa jarinsu, su sayar wa jama'a.

Kasuwar hannun jari: Nan ake saye da sayar da waɗannan hannaye. An kafa ta Nijeriya a Legas a 1960. An buɗe reshen Kaduna a 1978, na Kano a 1989. Tun 2021 ana kiranta NGX.

Dillali: Ba a ciniki sai ta hannunsa, kamar dai a kara. Yana karɓar la'ada. Dole ya kasance yana da rajista da hukumar SEC ta gwamnatin tarayya.

Rabon riba: Idan kamfani ya ci riba, yakan ba kowa rabonsa gwargwadon hannayensa. Wannan ba kuɗin ruwa ba ne. Shekarar da aka yi asara, sai haƙuri.

Bijimi da beyar: Idan farashi yana ta hawa, 'yan kasuwa sukan ce kasuwar bijimi ce, don bijimi sama yake tunkuyi. Idan yana ta sauka, sai su ce ta beyar ce, wata dabba mai kai mari ƙasa. A 2008 farashi ya faɗi ƙwarai, mutane da yawa suka yi asara.

Takardar shaida: Daga 1988 gwamnati ta sayar wa jama'a hannaye a kamfanoninta, ƙarƙashin kwamitin Dokta Hamza Zayyad. Wanda ya saya an ba shi takarda. Yanzu a kwamfuta ake ajiye suna. Magajin da ya tsinci irin wannan takarda a adakar mahaifinsa, kada ya yar. Ya kai wa dillali mai rajista ya bincika, don wataƙila akwai ribar shekaru da ba a karɓa ba.

A lura, babu dillalin gaskiya da yake alkawarin riba tabbas. Shirin MMM ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 duk wata, amma a Disamba 2016 ya rufe asusun mutane. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tambayoyi
1. Mene ne hannun jari?
2. Wace hukuma ce take yi wa dillali rajista?
3. Me magaji zai yi da tsohuwar takardar shaida?