KIYAYE FAIFAN AJIYA NA KWAMFUTA

Darasi domin Hakimai da Malaman Ofisoshinsu

A da, abokan gāban ɗakin ajiyar takardu uku ne, watau gara da gobara da yoyon damina. Yanzu ofisoshi da yawa sun koma zuba rajistar filaye, da iyakokin gonaki, da wasiƙun Majalisar Sarki cikin kwamfuta, don haka an sami abokin gāba na huɗu. Gara ta kan ci littafi shafi bayan shafi, har a lura a ceci saura. Faifan kwamfuta kuwa, ran da ya mutu ya kan tafi da aikin shekara goma gaba ɗaya. In rubutun iyakar gona ya ɓace, rigimar da aka kashe tun tuni sai ta sake tashi.

Yadda Faifan Ya Ke Aiki

Faifan ajiya, wanda masu gyara su ke kira had disk, ɗan akwati ne na ƙarfe a cikin kwamfuta. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da shi a 1956. Wancan na fari yana da faya-fayai 50, faɗin ko wane inci 24, amma abin da ya ke ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. Na yau ya kan shiga aljihu, yana kuwa ɗaukar fiye da wancan sau dubu ɗaruruwa.

A cikinsa akwai faya-fayai masu rufin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. A bisansu akwai wani ɗan hannu mai kai a bakinsa, shi ne mai rubutu da karatu. Wannan kai ba ya taɓa faifan. Iskar da juyawar ta ke kaɗawa ita ce ta ke ɗauke da shi, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta fi silin gashi siranta sau dubbai. In aka bugi kwamfuta tana cikin aiki, kan yana iya gogar faifan ya kankare rubutun, ɓurɓushin da ya tashi kuma ya ci gaba da ɓarna.

Ka'idodi Biyar

1. Motsi. Kada a ɗaga kwamfuta ko a ja teburinta tana kunne. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya kashe ta sarai kafin ya sa ta a jaka ya hau babur.

2. Zafi. Masu ƙera faifan sun ƙayyade kada zafinsa ya wuce digiri 55 zuwa 60 a ma'aunin santigiret. Da bazara zafin Sakkwato da Maiduguri ya kan haura digiri 40, cikin na'ura kuwa ya fi waje zafi. Saboda haka a ajiye ta inda iska ta ke ratsawa, nesa da hasken taga, kada a jingina ta da bango. Kada a ɗora tafi-da-gidanka bisa katifa ko darduma, gama suna toshe ƙofofin iska.

3. Ƙura. Hazon hunturu ba safai ya ke shiga cikin faifan kansa ba, domin yana da matata. Ɓarnarsa ita ce toshe fankokin na'ura har zafi ya taru. A rufe ta da ƙyalle bayan an tashi aiki, a kuma sa mai gyara ya busa cikinta in hunturu ya wuce.

4. Wuta. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, takardar da a ke ajiyewa tana iya lalacewa. In ta dawo da ƙarfi, tana iya ƙona allon lantarki na faifan. Maganin wannan shi ne akwatin batir da a ke kira UPS, wanda ya ke riƙe na'ura 'yan mintoci har a kashe ta bisa ƙa'ida. In an tayar da janareta a dakata ya daidaita tukuna. In hadari ya taso da tsawa, a zare soket.

5. Buɗewa. Kada kowa ya kwance murfin faifan. Ƙwayar ƙura guda ta fi tazarar nan girma, ta isa ta kashe shi.

Alamun Ciwo

Faifan da ya kusa mutuwa ya kan yi ƙara ƙas-ƙas, ko gurnanin da ba a saba ji ba. Na'ura ta kan yi nauyi, ta tsaya cik, waɗansu takardu su ƙi buɗuwa. Har wa yau faifan yana da tsarin duba lafiyar kansa mai suna SMART, akwai kuma manhajoji na kyauta, irin su CrystalDiskInfo, masu nuna sakamakonsa. Ya kamata malami ya duba sau ɗaya a wata.

A 2007 injiniyoyin kamfanin Google sun bayyana binciken da su ka yi a kan faya-fayai fiye da 100,000. Sun tarar cewa faifan da aka fara samun aibi a fuskarsa, haɗarin mutuwarsa cikin kwana 60 ya ninka na mai lafiya sau 39. Sun kuma tarar cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda su ka mutu ba su nuna wata alama ta SMART ba ko kaɗan. Ma'anar wannan ita ce, in faifai ya yi gargaɗi a gaskata shi nan da nan, amma shirunsa ba shaidar lafiya ba ne.

In alama ta bayyana, a fara kwafe takardu mafi muhimmanci, sa'an nan a kashe na'ura a nemi gwani. Kada a bubbuga faifan, kada a sa shi cikin firji, kada kuma a yarda a goge shi da sunan gyara kafin a ceto abin da ke ciki.

Kwafi Uku

Kome kulawa, faifai inji ne, wata rana zai tsaya. Don haka masana su ka tsayar da ƙa'ida: ko wace takarda mai daraja ta kasance guda uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma a wani gini dabam. Watau ta asali a kwamfuta, kwafi a faifan waje da a ke kullewa a ofis, na uku a ofishin Majalisar Sarki ko a ma'ajin intanet. Kwafin da ke ɗaki ɗaya da kwamfuta, ɓarawo ɗaya ko gobara ɗaya ta ishe su duka.

Lalle ne kuma a riƙa gwada kwafin. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka yana cikin shirya fim ɗin Toy Story 2, aka share yawancin aikin bisa kuskure. Da aka koma ga kwafin ofis sai aka tarar bai yi daidai ba. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da ke gidan wata ma'aikaciya.

Sababbin kwamfutoci da yawa suna da ma'aji mai suna SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa. Ya fi jure bugu, amma ya kan mutu ba ƙara ba gargaɗi, don haka ƙa'idar kwafi uku ta hau kansa shi ma.

Aikin Hakimi

Ba a bukatar Hakimi ya zama makaniki. Abin da ke kansa shi ne ya ɗora wa malami guda, sananne, alhakin yin kwafi ko wane mako, a buɗe littafi a riƙa rubuta rana da sa hannu, shi kuma ya duba littafin a ƙarshen wata, ya sa a buɗe takarda ɗaya daga kwafin a gabansa. In za a rabu da tsohuwar kwamfuta, a cire faifan a lalata shi, domin gwani yana iya dawo da takardar da aka share, asirin talakawa kuwa amana ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishin da bai yi kwafi ba tukuna, ya fara a wannan mako.