Darasin Wannan Wata: Yadda Ruwa Yake Ɓoye Zurfinsa

Jama'a, idan damina ta kankama, rafuka da kududdufai sukan cika. Sau da yawa yaro yakan leƙa ruwa mai garau, ya hangi ƙasansa kusa-kusa. Sai ya ɗauka iya ƙugu ne, ya faɗa, ashe ruwan ya fi ƙarfinsa. Darasinmu na yau zai nuna dalilin wannan ruɗi. Malamin aji ko uba a gida, kowa yana iya koya wa yara shi, ba sai an sayi komi ba.

Da farko a san cewa haske a miƙe yake tafiya. A sami kwali guda 3, a huda kowanne a tsakiya da ƙusa. Da dare a kunna fitila, a jera kwalayen a gabanta, hudojin suna saitin juna. Yaro ya leƙa, zai ga wutar. A gusa da kwali ɗaya kaɗan, shi ke nan wutar ta ɓace.

Muna ganin abu ne idan haske ya taso daga jikinsa ya shigo idonmu. Wani malami mai suna Ibn Haisam, wanda aka haifa a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965, ya bayyana haka a littafinsa Kitabul Manazir. Shi ma da gwaji ya tabbatar da maganarsa.

Gwaji na biyu shi ne babba. A ajiye kwanon sha a ƙasa, a sa ƙaramin dutse a cikinsa. Yaro ya riƙa ja da baya har bakin kwanon ya kare masa dutsen, sannan ya tsaya cak. Wani ya zuba ruwa a hankali, kada dutsen ya motsa. Sai ga dutse ya bayyana! Yara sukan ce dabo ne. Kada a yi saurin faɗa musu amsa, a bar kowa ya gwada, ya faɗi abin da ya gani.

Ga dalilin. Hasken da ya taso daga dutsen yana karyewa a daidai inda ya fito daga ruwa ya shiga iska. Ido kuwa bai san da haka ba, sai ya ga kamar dutsen ya taso sama. Shi ya sa sanda take zama kamar a karye idan an tsoma ta a karkace cikin bokitin ruwa.

Ruwa mai zurfin ƙafa 4, in an leƙa shi daga sama, kamar ƙafa 3 ake ganinsa. Wanda ya tsaya a bakin rafi yana hange daga gefe, ruɗinsa ya fi haka ma.

Aikin gida: a cika bokiti da ruwa. Kowane yaro ya leƙa, ya nuna a jikin kara inda yake zaton zurfin ya kai. Sannan a tsoma karan har ƙasa, a gwada zatonsa da inda ruwa ya jiƙa.