DARASI: IN AKA DAINA MOTAR FETUR, INA MUKA DOSA?

 

Kwanan baya na ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a Ɗanzomo. Bayan an tashi, sai wani dattijo ya tare ni. Ya ce, "Malam, na ji a rediyo wai Turawa za su daina ƙera mota mai shan mai. To, da me za ta yi tafiya? Da ruwa?" Duk aka yi dariya. Amma tambayarsa ta mai hankali ce, kuma ita ce darasinmu na wannan wata.

Mota iri uku

Mota iri biyu muka saba da ita. Akwai mai shan fetur. Akwai mai shan gas, watau dizal, irin manyan motocin da ke kwasar shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis su nufi Kudu.

Yanzu an sami ta uku. Ita ba ta da tankin mai. Babban batir gare ta a ƙarƙashinta. Ana yi mata caji kamar yadda kuke yi wa wayar hannu. Ba ta da salansa, ba ta hayaƙi, ba a yi mata juyen baƙin mai. In tana tafiya da ƙyar ka ji motsinta. Akwai babur irinta, akwai kuma A Daidaita Sahu.

A shekarar 2023 ƙasashen Tarayyar Turai suka kafa doka cewa daga 2035 ba za a ƙara sayar da sabuwar mota mai hayaƙi a ƙasashensu ba. Ku lura, sabuwa aka ce. Wanda ke da tsohuwa zai ci gaba da hawan abarsa. Masu ƙera motoci sun yi ta kuka, har a ƙarshen 2025 aka kawo shawarar a ɗan sassauta dokar. Duk da haka, inda aka dosa bai sake ba. A ƙasar Norwe, cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar a 2024, kusan 9 masu batir ne. A ƙasar Sin kuwa, kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a shekarar ana yi musu caji.

Kada ku ce abin na Turawa ne kawai. A 2024 ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da dizal. A nan gida, a watan Disamba na 2023 an ƙaddamar da motocin haya masu batir a Maiduguri.

Me ya kawo haka?

Babban dalili shi ne hayaƙi. Hayaƙin motoci da na masana'antu yana taruwa a sama kamar bargo. Zafin rana ya shigo, ya kasa fita duka. Sai duniya ta ƙara ɗumi, damina ta rikice. Mu mutanen ƙasar Gumel ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Mun ga rairayi yana cin gona, mun ga ruwa ya ɗauke gero na bununi.

A gaskiya ba mu ne muka cika sama da hayaƙi ba. Afirka baki ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 take fitarwa. Amma gobara ba ta tambayar wa ya kunna ta. Ita ma Nijeriya ta yi alkawari. A 2021, a wani taro a birnin Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya ce ƙasar nan za ta daina ƙara wa sama wannan hayaƙi nan da 2060.

Mu namu dalilin a aljihu yake

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Kafin ranar, farashin gwamnati bai kai naira 200 kowace lita ba. Cikin 'yan kwanaki ya kai wajen 500. A watan Oktoba na 2024 ya haura 1,000. A ƙauye kuwa, wajen 'yan bumburutu, kun fi ni sanin yadda ake sayar da kwalba.

Mai ba na mai mota kaɗai ba ne. In ya tashi, kuɗin niƙa ya tashi. Kuɗin kai buhun riɗi kasuwa ya tashi. Kuɗin kai mace mai naƙuda asibitin Gumel da tsakar dare ya tashi. Kuma ba mu manta da Majiya ba, a ƙaramar hukumar Taura. A watan Oktoba na 2024 tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru kwasa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Talauci da tsadar mai ne suka kai su bakin wannan tanka.

Bari mu yi ɗan lissafi. Mu ɗauka ɗan acaɓa yana shan lita 3 a wuni. Mu ce lita naira 1,000. A wuni ya kashe 3,000. A kwana 30 ya kashe 90,000. Wannan kuɗi ya ƙone, bai shiga tukunya ba. Da babur mai batir gare shi, da abin da zai biya na caji bai kai haka ba. Sai dai kuɗin sayen batirin yana da nauyi, kuma bayan wasu shekaru yakan gaji, a sake wani.

To, ina wutar?

Nan ne gizo ke saƙar. Mota mai batir ba ta ƙirƙirar ƙarfi da kanta. Batir kamar randa yake. Sai an zuba masa ake ɗiba.

Ana auna wutar lantarki da wani ma'auni da ake kira megawat, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Wutar da ake raba wa Nijeriya duka takan tsaya tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000, ga mutum fiye da miliyan 200. Mafi yawanta daga Kudu take zuwa, inda ake ƙona iskar gas. Sauran daga madatsun ruwa ne, irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Kafin ta biyo waya ta iso Kano, kamfanin KEDCO ya raba wa Kano da Katsina da Jigawa, abin da ke isowa ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar bai taka kara ya karya ba. Wasu garuruwan ga turaku ga waya, amma babu wuta. Wasu ko turken ba su gani ba.

Ku duba Habasha. Ba da ka suka hana motar fetur ba. Ba su haƙo mai, da kuɗin waje suke saye. Amma sun gina babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu, aka buɗe ta a 2025. Ita kaɗai tana iya ba da megawat fiye da 5,000. Sun shirya tuwo kafin su kira baƙi.

In muka sayi babur mai batir, muka koma muna yi masa caji da janareto, me aka yi ke nan? An gudu ba a tsira ba. Shi ya sa a ganina, a wajenmu maganar wuta ce ta farko, ta mota tana baya.

Abin da Allah ya hore mana shi ne rana. Ba a kawo ta a tanka, ba a yi mata layi a gidan mai. Kuma mun riga mun fara cin moriyarta ba tare da an kafa mana doka ba. Rijiyoyin burtsatse da yawa yanzu da sola suke jawo ruwa. Mai shagon cajin waya da yake fama da janareto, yau faranti ne a kan rufinsa. Masu noman rani suna ajiye injin fetur suna ɗaukar na sola. A Kumbotso ta Kano an buɗe tashar sola mai megawat 10 a watan Janairu na 2023. A shekarar ce kuma aka kafa dokar da ta ba jihohi ikon samar da wutarsu da raba ta. Ke nan yanzu ba Abuja kaɗai za mu tambaya ba. Dutse ma tana da amsar da za ta ba mu.

Akwai wata dabara da ake yi a Kwatano da Lome. Ɗan acaɓa ba ya zaman jiran caji. Sai ya je shago, ya ba da batirin da ya ƙare, ya karɓi cikakke, ya biya. In aka yi irin wannan shago da sola a Gumel ko Maigatari, ba ruwan mai babur da ɗaukewar wuta.

Gwamnati kuma tun 2023 tana kiran masu motocin haya su juya su zuwa iskar gas. Kada ku haɗa ta da gas na manyan motoci. Wannan iska ce da ake matsawa cikin tukunyar ƙarfe. Tana da arha, amma sai in akwai wurin ɗura ta kusa da kai.

Abu biyu da ke tafe

Na farko, tsofaffin motoci. Motoci da yawa da Turawa suka gaji da su, nan suke zuwa ta Kwatano. In suka koma masu batir, za su turo mana nasu na fetur da yawa, wataƙila da araha. Motar fetur za ta daɗe a hanyar Gumel. Amma mai saye ya riƙa tambayar kansa: nawa zan riƙa zuba mata? Bakanike kuma ya sa yaransa su koyi aikin wayarin da batir da sola, kada su tsaya a kabireta da fulogi.

Na biyu ya fi nauyi. Tun 1958 Nijeriya ke sayar da ɗanyen mai a waje. Yawancin kuɗin waje da ƙasar ke samu daga nan ne. Kason da ake rabawa a Abuja kowane wata ma akwai kuɗin mai mai yawa a ciki. Da wannan kaso jiharmu da ƙananan hukumominmu ke biyan malamai da ma'aikatan asibiti. In masu sayen mai suka ragu, kason zai ragu. Ba gobe ba, ba jibi ba, amma yaran da ke firamare yau za su gani. Ranar nan, riɗi da zoɓo da dabbobin da muke kaiwa kasuwa su ne za a dubi abin da suke kawowa.

Aikin aji

Ku zauna da malaminku ku ƙirga injinan da ke shan mai a garinku: babura, injin niƙa, injin ban ruwa, janareto. Ku rubuta adadin a littafi. Ku tambayi mai injin niƙa lita nawa yake sha a wuni, ku lissafa kuɗin na kwana 30. Sa'an nan ku tattauna: cikin injinan nan, wanne ne rana za ta iya ɗaukar aikinsa tun bana? Ku aiko mana da amsarku ta hannun malaminku, za mu buga wasu a fitowa ta gaba in Allah ya so.