Kada Ki Yi Wa Ɗaliba Alkawarin Rufa Asiri

"Malama, in na faɗa miki, ba za ki gaya wa kowa ba?"

Duk malamar da ke ba ɗalibai shawara za ta ji wannan tambayar wata rana. Ni a farkon aikina na ce "wallahi ba wanda zai ji." Yarinya ce 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare, kullum ita ce ta ƙarshen fita in an tashi, ta yi ta share aji ko da ba ranar shararta ba ce. Ashe gida take gudu, saboda wani ƙanin babanta da ke kwana a ɗakin zaure. Da ya zama dole in sanar, sai ta ga na ci amanarta. Wata guda ko gaisuwata ba ta amsawa.

Yanzu abin da nake cewa shi ne: "'Yata, ba zan yaɗa ba, amma in ana cutar da ke, zan gaya wa wanda zai iya kare ki." Sai in yi shiru in saurara. Ban da "me ya kai ki ɗakinsa?", ban da salati da tafa hannu, don yaro na ganin firgici a fuskarki zai haɗiye sauran maganar. Ki rubuta abin da ta faɗa da bakinta, da rana da lokaci.

In fyaɗe ne, asibiti ne farko. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma kada a wanke kayan jikinta. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Doka ma tana bayanki: Kano ta samu dokar kare yara a 2023, shekara 20 bayan ta tarayya.

Wurin da aikin ke da wuya shi ne gida. Kada ki aika a kira uba kafin ki san waye mai laifin, wataƙila tare suke cin tuwo. Za ki sha jin "a rufa asiri, wa zai aure ta?", a ce a je gaban mai unguwa a sasanta. Sulhun nan kuwa yarinya yake mayarwa gida ɗaya da wanda ya cuce ta. Waccan ɗaliba tawa, sai da muka samo wata innarta a wata unguwa ta riƙe ta, sannan ta daina share aji bayan an tashi.