Gatarin Aro

Karatun yau: 2 Sarakuna 6:1-7

Ƙaunatacce, yaushe rabonka da jin muryar wanda kuka zauna benci ɗaya da shi a makaranta? Ba ina nufin wanda ya zama babban mutum ba, shi kam kowa yana da lambarsa. Ina nufin wanda ya ara maka littafi daren jarrabawa, wanda kuka jiƙa garin kwaki tare ranar da kuɗin guzuri ya ƙare.

A karatunmu na yau, almajiran annabi Elisha sun ga wurin zamansu ya yi musu kaɗan. Ba su jira sarki ya gina musu ba. Suka shirya su gangara Kogin Urdun, kowa ya saro gungume ɗaya. Ana cikin sara sai ƙarfen gatarin wani ya sulluɓe daga ƙota ya faɗa ruwa. Ka lura da abin da ya sa shi kuka: gatarin ba nasa ba ne, aro ya yi.

Ilimin da kake ci da shi yau, shi ma da kayan aro ka same shi. Akwai malamin da ya tsaya bayan an tashi don ka gane lissafi. Akwai uwar da ta sayar da akuyarta. Akwai ajin da waɗansu suka gina tun ba a haife ka ba. A Roni, tun zamanin Turawa, mishan ta SIM ta riƙe makarantar kwana ta yara maza. A Kazaure akwai kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Duk wanda ya fito daga irin waɗannan wurare ya fito ne da gatarin wani a hannunsa. Wanda ya san aro ya yi kuwa, ba ya sakaci da kayan.

Idan kana son ganin yadda tsofaffin ɗalibai ke riƙe makarantarsu, dubi Kwalejin Barewa da ke Zariya. A Katsina aka kafa ta a 1921, ta cika shekara 100 a 2021. Abubakar Tafawa Balewa, Ahmadu Bello, Shehu Shagari, Yakubu Gowon da Murtala Muhammed duk sun bi ta cikinta, kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, BOBA, tana nan da ranta. Amma kada manyan sunayen su ruɗe ka. Ƙungiya irin wannan ba ta tsayawa da sunaye. Sai an sami wanda zai riƙe littafin sunayen 'yan aji, ya bi mutane yana karɓar ɗan kuɗin wata, ya sha baƙar magana, ya sake bugawa gobe. Ba a yi masa tafi a wurin taro. Shi ne mai ɗaukar gungume.

A nan ne yawancinmu muke zamewa. Muna cikin zauren WhatsApp na ajinmu, muna tura hoton gaisuwar safe, amma da an ce ana neman wanda zai je duba ɗan ajinmu a asibiti, sai wuri ya yi tsit. Ko kuma taron shekara ya zama wurin nuna mota da shadda. Wanda kasuwa ta karye masa, da gwauruwar da take fama da kuɗin makarantar yara, sai su daina zuwa don kunya. Bayan shekara 20 ko 30, waɗanda suka fi bukatar zumuncin su ne suka ɓace daga cikinsa. Ka tuna, da ƙarfen ya nutse, Elisha tambaya ya fara yi a nuna masa inda ya faɗa. Ɗan ajinka da ya yi shiru, shi ma akwai wurin da ya faɗa, kuma sai an tambaya ake sani. Da ƙarfen ya taso ma, sai da mutumin ya miƙa hannu ya ɗauka da kansa.

Wata magana kuma, ɗan'uwa. A ƙasar Kazaure mafi yawan 'yan ajinka Musulmi ne. Kada ka ce zumuncinka ya tsaya a ƙofar coci. In an yi rasuwa a gidan ɗayansu a Babura ko Gwiwa, ka hau mota ka je gaisuwa, ka zauna a tabarma tare da kowa. In ana haɗa kuɗin gyaran rijiyar makaranta, ka sa naka ba tare da tambayar 'ya'yan wa za su sha ba. Lokacin da kake shan ruwan, ba wanda ya tambaye ka.

Abin yi a wannan mako: ka rubuta sunayen mutum uku na ajinku da ka daɗe ba ka ji ɗuriyarsu ba, ka ambace su ɗaya-ɗaya a gaban Ubangiji. Sa'an nan ka nemo lambar ɗaya kafin Lahadi. In ya ɗauka, kada ka fara da labarin kanka. Ka tambaye shi iyali, ka bar shi ya yi magana.