KUDUDDUFI DA CIWON TSARGIYA

Wanda ya fita daga birnin Kano ya yi arewa, ko ta hanyar Bichi ko ta hanyar Ɗambatta, ba zai ga daji ba. Gona ke bin gona, ƙauye ke bin ƙauye, har iyakar ganin ido. Ga gero, ga dawa, ga gyaɗa da wake, ga kuma itatuwan gawo da ɗorawa da kuka tsattsaye cikin gonaki. Mutanen wannan ƙasa suna da yawa ƙwarai, ba su da filin da za su bari ya huta. Kowace shekara sai su zuba takin gida a mangala, jakuna su kai gona, su noma wurin da kakanninsu suka noma.

Inda mutane suka yi yawa, gidaje ma sai su yi yawa. Da ƙasa ake gina gidajen nan, ita kuwa ƙasar a bakin gari ake haƙo ta. Yau a haƙa, gobe a haƙa, har wurin ya zama babban rami. In damina ta faɗi, ruwa ya cika ramin, shi ne ake kira kududdufi. Da wuya a sami ƙauye a ƙasar nan wanda ba shi da nasa. Ban da kududdufai kuma, tun daga shekarun 1970 gwamnatin Jihar Kano ta gina madatsun ruwa domin noman rani, kamar ta Tomas wajen Ɗambatta, da ta Watari a Bagwai, da ta Jakara a Minjibir.

Ruwan nan yana da amfani mai yawa. A nan ake shayar da dabbobi, a nan ake wanki, da shi ake kwaɓa ƙasar gini. In rana ta take kuwa, nan yara ke ruguwa su tuɓe riguna su yi ta iyo. Amma fa akwai wata cuta a ɓoye cikinsa wadda ta fi kama yara 'yan makaranta. Sunanta tsargiya.

MECE CE TSARGIYA?

Tsargiya ita ce ciwon fitsarin jini. Mai ita yakan ga jini a ƙarshen fitsarinsa, wani lokaci har da zafi. A wasu ƙauyuka, saboda yawan yaran da ke fama da ita, har mutane ba su ɗauke ta ciwo ba. Wasu suna cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji, wasu kuma suna cewa zafin rana ne ke kawo ta. Duk ba haka ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wata 'yar tsutsa ce ke kawo ta, siririya, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Cikin jijiyoyin jini take zaune, kewaye da mafitsara. Macen takan saki ƙwai ɗaruruwa kowace rana. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini kamar ƙaya. Sa'ad da ƙwayayen ke ratsa fatar mafitsara don su fita tare da fitsari, sai su ji mata rauni. Daga raunin nan ne jinin ke fitowa. Akwai kuma wata irin tsargiya mai zama wajen hanji, ƙwayayenta ta bayan gida suke fita.

Cutar tsohuwa ce ƙwarai. An sami ƙwayayenta a jikin gawawwakin mutanen Masar na dā, waɗanda suka mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A Masar ɗin ne kuma, cikin birnin Alƙahira, wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya fara ganin tsutsar a shekarar 1851. A shekarar 1915 wani masani Baturen Birtaniya, Robert Leiper, ya bi diddigi har ya nuna hanyar da take bi a ƙasar Masar daga wani mutum zuwa wani. Ga hanyar, ku lura da ita sosai.

YADDA TAKE SHIGA JIKI

Tsargiya ba ta tsallakawa kai tsaye daga mai ciwo zuwa mai lafiya. Ko da kun ci tuwo a akushi ɗaya, ko kun kwana a tabarma ɗaya, ba za ta kama ka ba. Tilas sai ta bi ta ruwa, sai kuma ta sami masauki. Mai masaukinta shi ne wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, bai fi ƙwayar wake girma ba, wanda ke maƙale a jikin ciyawar bakin ruwa.

In mai tsargiya ya yi fitsari a kududdufi, nan da nan ƙwayayen sukan ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su yi ta iyo har su sami dodon koɗi su shige jikinsa. A can sukan yi wajen wata guda ko fiye suna hayayyafa. Sa'an nan su fito dubbai, kowanne da 'yar wutsiyarsa, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sun fi fitowa da tsakar rana, watau daidai lokacin da yara suka fi son wanka.

Da zarar sun taɓa jikin mutum sai su huda fata su shige. Ba sai da miki ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Abin da mutum zai ji bai wuce ɗan ƙaiƙayi ba. Daga nan jini ya ɗauke su zuwa hanta, inda za su girma, kāna su gangara wajen mafitsara. Bayan kamar wata uku sai jini ya bayyana a fitsari. In yaron ya koma kududdufi ya yi fitsari, to, ya sāke shuka cutar ke nan domin 'yan'uwansa.

Tsutsar takan yi shekaru a jikin mutum. Yaron da ke ɗauke da ita jininsa yakan ragu, ya riƙa jin kasala, ya rame, ya yi ta gyangyaɗi a aji. Sau da yawa akan ce masa rago ko daƙiƙi, alhali kuwa ciwo ne ke cinsa. In aka bar ta ta daɗe, takan ɓata mafitsara da ƙoda, har ma takan jawo sankarar mafitsara bayan an girma. 'Yan mata ma ba su tsira ba, don wajen wanki da wanke-wanke takan kama su, kuma tana iya jawo musu wahala ta wajen haihuwa nan gaba.

WANI YARO DA MAHAIFINSA

Ga misalin wani yaro ɗan aji huɗu. Ya yi watanni yana ganin jini a fitsarinsa, kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Ran nan malaminsu ya zana tsutsa da dodon koɗi a allo, ya bayyana musu dukan abin da kuka karanta a sama. Yaro ya yi tsuru-tsuru, gabansa na faɗuwa.

Da dare, bayan an ci tuwo, sai ya tafi zaure ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce, "Baba, ina fitsari da jini."

Uban ya yi murmushi ya ce, "Ai wannan ba ciwo ba ne, ɗana. Girma ne ya zo maka. Mu ma duk mun yi shi muna yara."

Yaro ya ce, "Ka gafarce ni, Baba. Malam ya ce tsutsa ce, a kududdufi ake samunta. Ya ce ita ke sa ni barci a aji, kuma akwai maganinta."

Uban ya yi shiru. Ya tuna bana da noman fari, yaron bai kai ƙarshen kunya uku ba ya zauna yana haki, har ya yi masa faɗa. Da gari ya waye sai ya sa hularsa, ya kama hannun yaron, suka tafi ɗakin shan magani. Malamin asibiti ya sa aka duba fitsarin, aka ga ƙwayaye, aka ba shi magani. Ba a yi makonni da yawa ba jini ya tsaya, ƙarfinsa ya fara komowa. Uban kuwa bai tsaya nan ba. Ya kai sauran 'ya'yansa aka duba su, ya kuma je ya gaya wa mai unguwa abin da ya gani.

Ku duba, da yaron nan ya ci gaba da ɓoyewa, da gidansu duka yana nan cikin duhu. Mai ɓoye ciwonsa, ciwo ba ya ɓoye shi.

MAGANI

Maganin tsargiya ƙwaya ce da ake kira firazikwantel, wadda aka gano a Jamus cikin shekarun 1970. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne suke bukatar wannan magani, galibinsu a Afirka. Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Saboda haka ne ma'aikatan lafiya sukan zaga makarantu suna raba shi kyauta.

Ranar rabo akan tsayar da kowane yaro a jikin sandar awo, domin tsayinsa ne ke nuna yawan ƙwayoyin da za a ba shi. Wajibi ne yaro ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya sha. Wasu sukan ji ɗan jiri ko murɗar ciki, amma ba ya daɗewa. Kada wannan ya sa kowa ya gudu, ko ya ɓoye ƙwayar a baki ya tofar.

Sai dai akwai abu guda. Maganin yana kashe tsutsar da ke cikin jiki ne, ba ya hana wata sabuwa shiga. Wanda ya sha magani yau, gobe ya koma kududdufi, ya koma gidan jiya. Shi ya sa aka ce rigakafi ya fi magani.

DARASI DAGA KURKUNU

Kada wani ya ce cutar da aka gada tun kaka da kakanni ba ta koruwa. Ku tambayi tsofaffin gidanku labarin kurkunu. Shi ma daga kududdufi yake, amma ta wajen shan ruwa yake shiga. Bayan kamar shekara guda sai tsutsa mai tsawon kamu biyu ta ɓullo a ƙafa, a yi ta naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Da damina yakan kwantar da mutum, lokacin da gona ta fi bukatarsa, yaro kuma ya kasa zuwa makaranta.

A ƙidayar da aka fara a shekarar 1988, an sami masu kurkunu fiye da 650,000 a Nijeriya. Kurkunu ba shi da ƙwayar magani, ba shi da allura. Abin da aka yi shi ne aka koya wa mutane tace ruwan sha da ƙyalle, aka hana mai kurkunu tsoma ƙafarsa a ruwa, aka haƙa rijiyoyi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da tsohon shugaban Nijeriya Janar Yakubu Gowon sun ba da ƙarfinsu ga aikin. A shekarar 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi. To, in an kori cutar da ba ta da magani, ina ga wadda take da shi?

AIKIN ƊAN MAKARANTA

Abu na farko, kada ɗan makaranta ya yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko a bakinsa, sai a masai. In ƙwai bai shiga ruwa ba, dodon koɗi ba shi da abin da zai raina. Addinin Musulunci ma ya hana yin fitsari a ruwan da ke tsaye.

Na biyu, ya bar iyo a kududdufi da bakin madatsa da magudanan lambu, kome zafin rana. Ya ja ruwa a rijiya ko famfo ya yi wanka a gida. In babu wani ruwa sai na kududdufi, a ɗebo a tafasa shi, ko a ajiye shi a randa ya kwana uku kafin a yi wanka da shi, domin 'ya'yan tsutsar ba su daɗewa da rai in ba su sami jikin mutum ba. Ruwan sha kuwa a tace shi, a tafasa, a rufe randa, a rataye moɗa.

Na uku, in ya ga jini a fitsarinsa ya gaya wa iyayensa ko malaminsa ran nan. Ciwo ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, ya kai ilmin nan gida. Ya gaya wa ƙannensa da abokansa waɗanda ba su zuwa makaranta, da almajirai, don ranar rabon magani su ma su zo. Ya gaya wa iyaye mata masu wanki, da iyaye maza masu noman rani. Amma da ladabi zai faɗa, yadda yaron nan ya yi. Kududdufi na gari duka ne, in mutum goma sun kiyaye, ɗaya bai kiyaye ba, ruwan bai tsarkaka ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu lafiya, ita ce uwar jiki.

TAMBAYOYI

1. Yaya kududdufi ke samuwa a bakin gari?
2. Me ke kawo jini a fitsarin mai tsargiya?
3. Wane aiki dodon koɗi ke yi wajen yaɗa cutar?
4. Mene ne bambancin hanyar shigar tsargiya da ta kurkunu?
5. Don me shan magani kaɗai bai isa ba?
6. Zana taswirar garinku, ka nuna rijiyoyi da kududdufai.