Yadda Ake Kiyaye Makullin Mota Mai Rimot a Wurin Kamun Kifi

Mutumin da ya ɗauki fatsarsa da asuba ya nufi madatsar ruwa ta Tiga, ko ta Zoɓe, ko gaɓar tafkin Kainji ta wajen Yawuri, galibi za ka tarar ya yi tanadin kome da kome, tun daga tana da ƙugiya har zuwa guzurin rana, amma abin nan guda da zai komar da shi gida, watau makullin motarsa, sai ya jefa shi aljihun gaba ba tare da wani tunani ba, kamar yadda magabatansa suke yi da makullin ƙarfe na dā, wanda ko ya kwana cikin kogi in an tsamo shi an share zai yi aiki. Alhali kuwa makullin zamanin nan ba ƙarfe ba ne zalla. A cikin ɗan gidan robar nan akwai batir mai siffar kwabo, mafi yawa irin da ake rubuta wa CR2032, mai ƙarfin bolt 3, da wani siririn allo na lantarki, da ƙwayar shaida wadda in injin bai ji ta ba ba zai tashi ba ko da an murɗa ƙarfen. Saboda haka wanda ya rasa shi a bakin ruwa, nesa da gari, ya rasa motar gaba ɗaya har sai an kawo wani, kuma yin sabo aiki ne na na'ura da kuɗi masu nauyi. Tun da kiyaye dukiya yana cikin manyan maslahohin da malamai suka lissafa, ban ga wannan ƙaramar mas'ala ce ba.

Farkon abin da ya wajaba shi ne mutum ya san irin makullin da ke hannunsa. Akwai wanda ake sokawa a murɗa, madannan buɗe ƙofa suna jikin kansa; akwai kuma wanda ba a sokawa sam, yana aljihu ake taɓa mariƙin ƙofa ta buɗe, a danna maɓalli mota ta tashi. Wannan na biyu, in ka duba gefensa ko bayansa, za ka ga ɗan sakata, wanda in ka tura shi wani siririn makullin ƙarfe zai fito. Masu mota da yawa sun shekara da nasu ba su san da shi ba. Ka zaro shi tun a gida, ka gwada shi a ƙofar direba, domin a wasu motoci ramin yana ɓoye ƙarƙashin wani murfi a jikin mariƙin, kuma ramin da aka daɗe ba a soka masa kome ba yakan cije da ƙura.

Sa'an nan sai maganar mazubi, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a natsu. Ledar kasuwa da aka ɗaure bakinta ba ta isa hujja ba, gama haƙorin makulli yana huda ta ba ka sani ba. Abin da ya fi shi ne 'yar jakar roba mai kauri da ake sayarwa don wayar hannu, mai maƙalli a baki. In babu ita, to, robar magani mai faɗin baki da murfin murɗawa, wadda aka wanke ta bushe sarai. Ko wanne ka zaɓa, kada ka ba shi amana sai ka jarraba shi, ga kuma yadda ake yi: ka sa busasshiyar takarda mai laushi a ciki, ka rufe, ka nutsar da shi cikin bokitin ruwa, ka danne da dutse, ka bar shi kamar rabin sa'a, kana juya shi jifa-jifa, in ka fito da shi, ka share bayansa da tsumma tukuna kafin ka buɗe, don kada ruwan waje ya ruɗe ka, sa'an nan ka duba takardar da idon basira, in ka ga ko ɗigo ɗaya ya taɓa ta, wannan mazubi ya faɗi, a nemi wani. Wanda ya ci jarrabawa kuwa, ka naɗe makullin da ɗan ƙyalle kafin ka sa shi, don kada a riƙa danna madannai bisa kuskure, ka kuma jefa masa ɗaya daga 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, domin abin da aka rufe ruf aka bari cikin rana, sa'an nan ya gamu da sanyin ruwa, yakan yi gumi daga ciki.

Bushewa dabam, nutsewa dabam. Makullin da bai jiƙe ba amma yana kwance cikin taɓo a ƙarƙashin gaba biyu na ruwa, ba shi da wata fa'ida ga mai shi. Don haka sharaɗi na biyu shi ne mazubin ya yi iyo, kamar dai goran da masunta ke hawa a Matan Fada ranar bikin Argungu. Robar magani mai iska a ciki takan taso da kanta. Jaka kuwa sai an bar mata iska kaɗan, ko a ɗaura mata guntun tsohon silifas, irin wanda masu taru suke yankawa su jera a bakin tarunsu. A zaɓi mai launi mai ɗaukar ido, ja ko ruwan ɗorawa. Wannan ma a gwada cikin bokiti, da makullin a ciki, kuma a cire masa tarkacen makullan gida da na shago, waɗanda nauyinsu ne ke ja da shi ƙasa.

Bayan haka sai a ɗaure shi a jiki. Aljihun ƙirji na riga shi ne mafi sharrin wuri, kuma dalili a fili yake: mai kamun kifi ba ya rabuwa da sunkuyo. Ka dubi mutum ya tsuguna a bakin kwale-kwale, tarwaɗa tana fizgar zare, ya miƙa hannu zai cafko ta, ko kuwa azahar ta yi ya durƙusa a gaɓa yana alwala, ya sunkuya zai wanke ƙafa. A wannan lokaci ne abin da ke aljihun gaba yake sulalewa, ba ƙara, sai 'yar da'ira a bisa ruwa. Wurin da na fi yarda da shi shi ne aljihun wando mai zik, a kuma haɗa da igiya mai ƙwari daga mazubin zuwa maɗaurin ɗamara, gajeriya, wadda ba ta fi kamu ɗaya ba. Wasu suna ratayawa a wuya, ni kuwa ina ganin karahiyyar haka ga wanda ke cikin jirgi ko mai jefa birgi, saboda igiyar wuya in ta sarƙe da raga ko reshe cikin ruwa, abin ya wuce batun makulli ya koma batun rai. Kada kuma a zuba shi cikin jakar kayan kamu, gama ran da jirgi ya kife jakar ce farkon tafiya.

Wanda zai shiga ruwa har wuya yana da wata hanya: ya tafi da ƙarfen nan kaɗai, ya bar rimot cikin mota. Sai dai akwai ƙa'ida. Motar da ake tayarwa da maɓalli tana jin makullinta in yana ciki, wasu ma sukan ƙi kulluwa, kuma duk wanda ya samu shiga ya danna, ta tashi. Maganinsa a naɗe rimot ɗin da takardar alminiyam ninki uku, irin wadda ake ƙunshe gasasshen kifi, ko a sa shi cikin gwangwani mai murfin ƙarfe, sa'an nan a zauna a kujerar direba a danna maɓallin. In motar ta ce ba ta ga makulli ba, naɗin ya yi. Mai makullin murɗawa kuma yana iya sa a yanka masa kwafi na ƙarfe zalla, wanda zai buɗe ƙofa amma ba zai ta da inji ba. A sani cewa wasu motoci sukan yi kururuwa in an buɗe su da ƙarfe, har sai an danna rimot ko an ta da inji. Duk da haka, wannan hanya ta lalura ce, don in aka fasa gilashi an sami kome.

Abin da ba ni da sassauci a kansa shi ne ɗabi'ar ɓoye makulli a kan taya, ko bayan bamba, ko ƙarƙashin dutse kusa da mota. Ɓarawo ya san waɗannan wurare tun kafin kai, kuma makullin da ba a sokawa yana buɗe ƙofa daga nisan kimanin mita ɗaya, har wanda bai gan shi ba ma, in ya ja mariƙi, sai ta buɗe masa. Gara ka damƙa shi amana ga abokin tafiya da zai zauna a tudu. Makulli na biyu kuwa a bar shi gida, hannun wanda zai iya hawa mota ya kawo, kuma lambar wayarsa ta kasance a kanka, ba cikin wayar da za ta iya jiƙewa tare da makullin ba.

In kuwa ƙaddara ta riga fata ruwa ya shiga, to, kada ka danna kome don ganin ko yana aiki, domin wuta da ruwa in suka haɗu a kan allon nan, su ne ke cinye shi. Ka zare ƙarfen, ka sa bakinsa ko kwabo a tsagar gefe ka ɓamɓare gidan a hankali, ka cire batir nan take, kana lura da fuskar da ke sama. In ruwan mai laka ne, ka ɗauraye allon da ruwa mai tsabta, ka girgiza, ka tsane da ƙyalle, ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a gasa shi a wuta, kada a ɗora shi kan inji ko gaban mota cikin rana. Binne shi cikin shinkafa da mutane ke yi ba ya ƙara wani abu a kan iska, illa ƙura. A ba shi kwana ɗaya ko biyu, kuma in da hali a kai wa mai gyaran waya ya wanke shi da sifirit da ɗan buroshi, sa'an nan a sa sabon batir. Tsohon kuma a yar da shi inda yara ba za su samu ba, don haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro.

Komawa gida a ranar ba lalle ta gagara ba, domin ƙwayar shaidar nan ba ta dogara ga batir, daga motar take samun ɗan ƙarfin da take amsawa da shi. Sai ka mai da allon cikin gidansa ba batir, ka buɗe ƙofa da ƙarfe, ka taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, kamar yadda ake yi a motocin Toyota, ka danna. Wasu motocin suna da wani gurbi dabam da ake ajiye shi, a tsakanin kujeru ko gefen sitiyari, kuma littafin motar ya nuna wurin. Ya kamata a duba shi tun ana gida, a kuma gwada sau ɗaya a ƙofar gida kafin ranar fita.